Mai Gaisuwa Ba Ya Fara Magana

Abu Hail, Dubai
Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da mahaifiyarki da duk mutanenmu na Ɗorayi. Allah Ya tsare min ke a hanyar Gombe, Ya sa ki shiga aikin nan da ƙafar dama, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tausayi.

Na san za ki yi dariya ki ce Abba ya tsufa, ga waya a hannu ya koma biro da takarda. To, ki yi abinki. A waya bakina ya fi hankalina gudu, kuma gudun nan ne ya jawo min abin da zan ba ki labari. Takarda kuwa tana bari mutum ya soke layi ya sake. Hajiyar nan da ke saro takalma a kasuwar Naif jibi za ta tashi, ita zan ba ta kawo miki.

Kin ce ɗakin yara aka tura ki a asibitin na Gombe. Tun da na ji haka abu biyu ke cin raina. Na farko, akwai ranar da za ki fito ki tarar da wata uwa a kan benci, ɗanta ya cika, ta ɗago ta dube ki. Allura da ƙarin ruwa kin fi ni sani nesa ba kusa ba, amma abin da ake yi da baki a irin wannan lokaci ba na jin an koya muku a makaranta. Na biyu, in kin tafi, mahaifiyarki za ta rage ita kaɗai a gidan nan, da mijin da shekara biyar ke nan ba ta yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ke ce kike tsakaninmu kina kai saƙo kina kawowa, ba ki taɓa tambayar dalili ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan faɗa miki.

Ranar da ƙaninki Kamal ya rasu, kina asibiti tare da shi, ni ne ba na nan. Ina kan tsani a bayan wani otal a Naif, ina kwance esi, na'urar sanyaya ɗaki, rana ta take, wayata ta yi ƙara. Kawunki ne ya fara faɗa min, sannan ya miƙa wa mahaifiyarki. Na ji numfashinta, na ji ta ce, "Abban Kamal, me ya sa..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na daka mata tsawa daga saman tsani, na ce, "A'uzubillahi. Tuhumar Allah za ki yi? Ki yi istigfari. Allah ba Ya zalunci. Musiba ba ta sauka haka kawai, ki binciki kanki." Haka na ce wa matar da ta shekara goma sha ɗaya tana goyon yaro mai sikila daga gida zuwa asibiti, tana gasa masa gaɓoɓi da ruwan zafi, ni ina nan ina aiko da saƙon "ya jikin nasa". Sai ta ce, "To, Malam." Daga ranar ba ta sake kirana Abban Kamal ba.

A lokacin gani nake na yi jihadi, na tsamo imaninta daga rami. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Da na bar ta ta yi kuka, da ni ma na fashe a gaban Indiyawan da muke aiki tare, shi ya sa na ɓuya a bayan wa'azi. Ummi, magana zarar bunu ce. In kika ga bakinki ya cika da nasiha a gaban mai sabon rashi, ki tsaya ki tambayi kanki, shi kike son ki taimaka ko kanki kike son ki sauƙaƙa wa.

Kuskure na biyu da idonki kika gani. Kamfani bai sake ni ba sai bayan wata biyu. Da na zo na tarar da jakar makarantarsa a rataye inda ya bar ta, takalmansa a bakin ƙofa, kofinsa na roba a kan firji. Na ce waɗannan ne ke hana ta haƙuri. Ranar da ta je gidan kakarki Inna na tattara su kaf na ba da sadaka. Da ta dawo ta tsaya tana kallon ƙusar da jakar take. Ni mai gyara ne, na saba in abu ya lalace in cire in yar in sa sabo, sai na ɗauka zuciya ma haka take. In uwa ta ce ki bar mata zanin da aka shimfiɗa wa ɗanta, ko robar hannunsa mai suna, ki ba ta, kada ki tambaye ta me za ta yi da shi.

Na uku kuwa har kunyar rubuta shi nake ji. Shekara da shekaru, duk Juma'a sai na tura mata wa'azin haƙuri a waya. Malamin da duk na ji ya yi magana a kan ladan wanda ɗansa ya rasu, sai na danna mata. Ita kuma ta rubuto, "Na gode." Ina zaune a ɗakin nan da muke mu huɗu, kowa da gadonsa da labulensa, ina kallon kalmomin nan biyu ina cewa matar nan taurin kai gare ta. Ashe ni ne mai kunnen ƙashi.

Wanda ya buɗe min kunne ba za ki taɓa zato ba.

A Al Buteen, cikin lungunan da ke bayan kasuwar zinare, akwai wani tsoho mai gyaran zobba da dasa duwatsu. Shagonsa bai fi ɗakin girkinmu ba. Sunansa Ezra, na ce bakina ba zai iya ba, na mayar da shi Uzairu, ya kuwa amsa. Haifaffen Indiya ne, amma kakanninsa daga Bagadaza suka je, don haka Larabcinsa ya fi nawa. Shekara uku ina wanke masa esi, yana aiko min da shayin karak, muna taɗin zafi da ciwon baya. Ba ya buɗe shago ran Asabar, na ɗauka tsufa ne. Sai bara, da abubuwa suka sauya a garin nan har mutanensu suka daina ɓoye kansu, ya dube ni wata rana ya ce, "Ya Sani, ka san ni Bayahude ne?"

Wallahi kofin shayin na ajiye. Kin san yadda muke jefa kalmar nan a gida, mutum ya yi rowa ko mugunta sai a ce Bayahude ne, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba. Wata biyu ina tura abokin aikina. Rannan ya kira ni ya ce, "Habibi, esin nan ba ya son hannun kowa sai naka. In shayin ne matsala, ka zo da naka." Kunya ta kama ni, na koma. Wannan ma ki sa a lissafin kurakuraina. A gadon asibiti za a kawo miki ɗan kowa, ki duba zazzaɓinsa kafin ki duba sunan ubansa.

Farkon shekarar nan matarsa Rahila ta rasu. Shekara arba'in da wani abu suna tare, 'yarsu ɗaya tana wata ƙasa, dokar korona ta hana ta zuwa. Na ga shago a rufe, maƙwabcinsa ya faɗa min, ya nuna min benen da yake. Bayan la'asar na sa takunkumi na hau.

Ƙofar a buɗe take. Na tarar da shi zaune a kan wata 'yar kujera da ba ta fi 'yar tsugunno ba, babu takalmi, rigarsa a yage a ƙirji, gemu ya fara tsirowa. An rufe madubi da zani, kyandir na ci a kan tebur da rana tsaka. Haka suke yi kwana bakwai, mai makoki ba ya fita, ba ya aski, ba ya zama a kujera mai tsawo. Ni kuwa Sani sarkin baki, ko zama ban yi ba na fara. Na ce ya haƙuri, na ce kowa da ranarsa, na ce babu musibar da ba ta da dalili, wataƙila kankarar zunubi ce. Ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Ya Sani, zauna. A wurinmu mai gaisuwa ba ya fara magana. Sai mai rashi ya buɗe baki."

Na zauna. Ummi, ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Ina jin ƙarar jiragen ruwa daga bakin mashigin ruwan Khor, ina jin esin ɗakin yana huci, harshena yana ƙaiƙayi. Mun fi awa guda a haka. Can sai ya ce, "Ba ta iya dafa shinkafa ba. Shekara arba'in kullum sai ta caɓe, ni kuma kullum sai na ce ta yi daɗi." Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ban ce komai ba, domin an riga an hana ni. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in dawo gobe.

Na yi ta komawa. A rana ta uku shi da kansa ya tayar da maganar. Ya ce, "Rannan ka zo da wa'azi a baki, na tare ka. Faɗi yanzu." Na ce ni dai na san Allah ba Ya zalunci, don haka duk wahala da dalilinta. Ya ce su ma sun yarda Shi mai adalci ne, har in labarin mutuwa ya zo musu, abin da suke fara faɗa shi ne yabo ga Alƙali na gaskiya. Amma dalilin wahala, ya ce malamansu sun shekara dubbai suna gardama a kai ba su gama ba. Wasu sun ce sakamakon laifi ne. Wasu sun ce jarrabawa ce. Wasu sun ce akwai wahalar da ke zuwa wa wanda ake so, ba don ya yi komai ba. Wasu sun ce akwai lokacin da Ubangiji ke ɓoye fuskarSa, bawa ya yi ta kira bai ji amsa ba. Wasu kuma suka ce a bar wahalar da kai, ba a ba ɗan Adam sanin abin da ya sa mugu ke miƙe ƙafa mutumin kirki na shan wuya ba.

Na ce, "To kai wanne ka ɗauka?"

Ya ce, "Ya danganta da ranar. Yau na ɓoye fuska nake ji." Sannan ya gyara zama ya ce, "Amma akwai abu ɗaya da aka hana mu. In wahala ta same ni, ina iya bincikar kaina, wannan tsakanina da Shi ne. In ta sami wani, haramun ne in je in ce masa zunubinka ne ya jawo. Cuta ce da baki, kuma ana kama mutum da ita kamar yadda ake kama mai tauye mudu."

Ya kawo min labarin Annabi Ayuba yadda yake a wurinsu. Ya ce abokansa uku sun zo gaishe shi, suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce kanzil, kuma nan ne kaɗai suka yi daidai. Da suka buɗe baki suka fara nemo masa laifin da ya yi, don su wanke Ubangiji, sai Ubangiji Ya yi fushi da su, ba da Ayuba mai kuka da tambaya ba. Ya ce, "Shi ba Ya bukatar lauya, ya Sani. Mai rashi ne ke bukatar ɗan'uwa."

Ban san lokacin da na fara ba shi labarin Kamal ba, da tsani, da wayar, da jakar makaranta. Mutumin da na zo yi wa gaisuwa shi ya koma saurarona. Da na gama ya ce, "Da ta ce me ya sa, me ta ƙarasa da shi?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Shekara biyar, ba ka tambaya ba?"

Na sauko daga benen na tsaya a bakin ruwa har aka kira magariba. Ranar ce na fara yi wa ɗana kuka.

Kada ki ɗauka ubanki ya sauya sheƙa. Akwai abin da muka saɓa, kuma na faɗa masa. Shi yana cewa kowace safiya in ya gama addu'a sai ya yi wa Ubangiji ƙorafi, ya ce Masa bai ji daɗin abin da aka yi masa ba. Wai kakanninsu ma haka suka yi, kuma mai ƙorafi bai bar gida ba, wanda ya daina magana gaba ɗaya shi ne abin tsoro. Ni harshena ba zai iya wannan ba, na tashi a kan yarda da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, a kanta zan mutu in sha Allah. Amma na je na sami limamin wani ƙaramin masallaci a Naif na tambaye shi. Ya ce, "Malam Sani, ka manta Annabi Yaƙub ya yi kukan ɗansa har idonsa ya yi fari, yana kai kukansa ga Allah? Ka manta Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa ya rasu?" Ashe abin yana cikin gidana. Na haddace ayoyin haƙuri, na bar na rahama a baya, sai da Bayahude ya sa na waiwaya.

Akwai wani abu da ya tsaya min a rai daga kwanakin nan. Suna da addu'ar da mai makoki ke yi, ba ta yiwuwa sai maza goma daga cikinsu sun taru. Ga korona, ga su dama ba su da yawa. Duk kiran da aka yi, mutum shida aka samu. Na ga yana ƙirga su da ido yana sake ƙirgawa. Na ce, "Ni fa, ba za a sa ni a cike ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Kai ɗan baffa ne, amma ba ka shiga wannan lissafi. Ko ka shiga ma, saura uku." Na tambaye shi me ke cikin addu'ar. Ya ce ko sunan mutuwa babu a ciki, girmama Ubangiji ce daga farko har ƙarshe. Mutum yana tsaye zuciyarsa a karye, bai san dalili ba, yana yabo, mutane suna amsa masa amin. Ya ce shi a ganinsa aikin imani ke nan, ba ya ba ka amsa, yana dai hana ka tsayawa kai kaɗai. Ranar bai samu yin addu'ar ba, kuma na ga yadda abin ya yi masa ciwo. Sai na tuna mahaifiyarki tana da miji da dangi da maƙwabta cike da unguwa, amma wanda ya fi kamata ya ce mata amin shi ya rufe mata baki.

A rana ta bakwai ya tashi ya sa takalmi, ya ce al'adarsu ce mai makoki ya fita ya ɗan zaga, alamar ya dawo cikin mutane. Muka taka har bakin ruwa. Ya ce min, "Kai fa mai gyara ne. Esi ma ai sai ka saurari kukansa kafin ka sa masa sukurdireba." Bayan wata uku ya sayar da shagon ya koma wurin 'yarsa. Yanzu masu sayar da murfin waya ne a wurin. Ina bi ta lungun wani lokaci ba tare da wani aiki ba. Kaɗaici ya ishe ni a garin nan, Ummi, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke.

To ga abin da nake so ki riƙe. Ranar da uwar nan ta ɗago ta dube ki, ki faɗa mata gaskiya a taƙaice, da tattausan harshe, sannan ki zauna kusa da ita, kada ki tsaya a kanta. In ta ce me ya sa, ki bari ta kai ƙarshen maganarta. Kada ki ce ta yi sakaci, kada ki ce da ta kawo shi da wuri, ko da haka ne, wannan maganar wata rana ce. In 'yan'uwanta sun fara yi mata tsawa don tana kuka, ki ce musu dokar asibiti ce a bar ta, ni na ɗauki alhakin wannan ƙaryar. Ki ba ta ruwa. Lokacin "Allah Ya ba da haƙuri" zai zo, kuma zai fi shiga in ya biyo bayan shiru. Ke ma ranar da abin ya yi miki yawa, ki kai kukanki kan sallaya, ba raunin imani ba ne. Kuma ki riƙa cin abinci, na san halinki in aiki ya yi zafi.

Saura roƙo ɗaya. Tun watan da Uzairu ya tafi na daina tura wa mahaifiyarki wa'azi. Sau da yawa na ɗauki waya zan ba ta haƙuri, sai in ga ai wannan ma ni ne zan sake fara magana, in cika mata kunne, ta ce "na gode" a rabu. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen wata mai zuwa, na faɗa musu ba zan sabunta ba. Khalas, shi ke nan, gida zan dawo. Ban sani ba ko za ta yafe min, kuma in ba ta yafe ba, ba ta zalunce ni ba.

Kafin ki tafi, ki duba cikin sito, akwai kujera 'yar tsugunno ta marigayiya Hajiya, wadda kika ci sunanta. Ki goge ta ki ajiye a bakin ƙofar ɗakin mahaifiyarki. In ta tambaya, ki ce Abba ne ya ce a ajiye masa, kada ki ƙara komai. Ranar da na iso zan yi sallama, domin sallama dole ce, sannan in cire takalmi in zauna a kai. Akwai maganar da ta fara min shekara biyar da suka wuce. Ko kwana bakwai ne, ko shekara bakwai, ba zan buɗe baki ba sai ta ƙarasa ta.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin harshenki. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga 'ya'yan mutane. Ya jiƙan Kamal, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarki, Ya sa in same ta da rai da lafiya. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Sani